Sarkin Noma na Bahar Maliya

Daga garin Fallomi zuwa gabas babu abin da masunci zai yi da kansa. Ni kuwa masunci ne ɗan masunci, daga wani ƙauye a bakin gulbin Kabi, kuma na taho da birgina a kafaɗa kamar wanda aka ce masa hanyar Makka a cikin ruwa take. Abokan tafiya suna ɗauke da gari da buta, ni ina fama da raga mai dalma. Matata Kulu ta yi ta yi in sayar da ita, na ƙi. Taurin kai a gidanmu gado ne, kuma ni aka bar wa kaso mafi tsoka.

Abu na biyu da na ɗauko ba shi da nauyi. Laya ce ta jar fata, babu komai a cikinta. A gidanmu duk wanda aka haifa, in cibiyarsa ta faɗi, kakarsa ke binne ta a gindin wata tsamiya da ke kallon gulbi. Tawa tana can, ta ubana tana can, ta kakana ma haka. Da Inna ta ga za mu tafi da ƙuruciyarmu, ta san ba za mu dawo mu biyu ba, sai ta rataya mini layar a wuya ta ce, "In Allah ya ba ku ƙaruwa bisa hanya, ka ɗunke cibiya ciki ka kawo min. Wanda ba a binne tashi nan ba, ruwa ka tahiya da shi, ba shi zama namu." Na ce mata ko da rarrafe zan kawo. Wannan alkawari shi ne ya zama mini sanda, shi ne kuma ya zama mini ƙaya.

Ƙasar Wadai na tuna ta da ƙishirwa. Ƙasar Darfur na tuna ta da wata Balarabiya mai tsage a kumatu, wadda ta ga Kulu zaune a gindin kuka leɓenta ya tsattsage. Ta hau kukar nan da guga, ta zura a wani rami da ke can sama, ta jawo ruwa. Ashe a can cikin kuka suke ajiye ruwan damina. Na tsaya baki buɗe, ni da na girma ina ganin ruwa yana cin gonaki, yau ga shi ana ɓoye shi a cikin itace. A wannan zango ne cikin Kulu na fari ya zube. Matar ta kwantar da ita a bukkarta har ta ji sauƙi, kuma har muka rabu ba mu san sunanta ba, ita ma ba ta san namu ba.

A Madani muka ɗebi auduga har hannuwanmu suka yi kanta. A nan na ga kogin Nilu, na jefa birgi na ci kifi, raina ya dawo. Mutanenmu sun cika wurin. Kowa ka tambaya sai ya ce hutawa yake yi, baɗi zai wuce, alhali ga jikokinsa suna wasa a ƙofar gida. Abin ya riƙa ba ni haushi. Kulu ta ce, "Malam, wurin ga da daɗi. Mu dakata mana." Na ce ni ba na dakatawa a ƙasar kowa, zuwa zan yi in dawo. Ta dube ni ta yi shiru, irin shirun da mata ke yi in sun riga ka ganin ƙarshen magana.

Mun isa Sawakin cikinta na biyu ya tsufa. Gari ne na manyan gidaje farare da masu su suka gudu suka bari, kyanwoyi suka gaje. A bayansa kuma ga Bahar Maliya. Ban taɓa ganin ruwan da ba shi da tsallake ba. Na tsaya ina neman inda ya ƙare, idona ya gaji ya dawo. Washegari tun da safe na tuɓe, na shiga har gwiwa, na karkaɗa birgi na watsa yadda ubana ya koya mini, ya buɗe zagaye guda babu karkata. Na ja, ya ƙi. Na ƙara ja, sai na ji ragar da na ɗauko tun daga Kabi tana kecewa kamar tsohon zane.

Wani tsoho da ke zaune cikin ƙaramin kwalekwale ya yi dariya har ya riƙe ciki. Sunansa Baba Tanko, mutumin Haɗeja ne, shi ma masunci, shi ma baɗi zai wuce.

"Ɗan gulbi ne, ko?" ya ce. "Duk haka kuke yi. Kun ɗauka ƙasan kowane ruwa taɓo ne. Zo ka ga abin da ka jefa wa raga."

Ya miƙo mini wani gwangwanin kananzir da aka cire gindinsa aka liƙa gilashi da ƙaro, irin wanda masu neman lu'ulu'u ke leƙa ruwa da shi. Ya ce in danna shi kan ruwa in sa fuskata. Na sa ina ƙunƙuni.

Ban san tsawon lokacin da na yi a sunkuye ba. A gulbinmu masunci da hannu yake gani, domin ruwan jan ƙasa ne, sai ka lalubo. Nan kuwa komai a fili yake, hasken rana yana sauka yana rawa a kan rairayi. Ga duwatsu masu rassa kamar ƙahonin barewa, ga masu faɗi kamar faifai, wasu ja, wasu ruwan ƙwai, wasu shuɗi. Baba Tanko ya ce duwatsun nan da ransu, tsirowa suke yi, su ne kuma aka sara aka gina gidajen Sawakin. Kifaye suna ratsa su kamar mata sun ci ado za su biki. Na manta da birgi, na manta da yunwa, na ji kamar an ɗaga mini labulen wani gari da aka gina tun kafin a yi mutane.

Ina cikin haka sai na ji an cije ni a ƙwauri. Na zabura na duba. Wani ɗan kifi ne baƙi-baƙi, launin ƙasar tukunya, bai kai tsawon tafin hannuna ba, da ɗigon baƙi kusa da wutsiya. Ya ja da baya, ya miƙar da ƙayoyin bayansa, ya sake kawo mini sara. Ni Garba, da na taɓa kokawa da giwan ruwa, yau ga abin da ba zai cika cokali ba yana korata.

"Ka taka masa gona," in ji Baba Tanko.

Na ɗauka wasa yake yi. Amma kwanakin da muka yi muna jiran haihuwa, yana gyara mini birgi yana koya mini jefa shi a kan rairayi kawai, ni kuma duk safiya ina sunkuye a kan gwangwani, na tabbatar gona ce. A wurin da ruwa bai wuce ƙugu ba, inda rassan dutsen suka mutu, kifin nan yake kama fili kamar faɗin tabarma. A kai wata gansakuka mai laushi take tsirowa, ita ce abincinsa. Ba ya barin kowace iri ta fito. In wata mai tauri ta tsiro sai ya cizge ta da baki, ya ɗauka ya kai bayan iyaka ya tofar, ya dawo. Akwai wata baƙar dunƙulen ƙaya mai rarrafe da na sa wa suna bushiyar ruwa, in ta shigo kiwo sai ya kama ƙayarta guda, ya ja ta ya fitar. Manyan kifaye masu baki irin na aku, kore da shuɗi, waɗanda suka ninka shi sau ba adadi, in sun zo a garke za su yi masa ɓarna, shi kaɗai yake afka musu, yana wani ƙas-ƙas da nake ji in na nutsa kunnena. Gonarsa tana jingine da ta maƙwabcinsa, kowa ya san iyakarsa, kuma ban taɓa ganin ya yi nisan da ya wuce ƴan kamu daga dutsensa ba. Na tambayi sunansa, Baba Tanko ya ce Larabawa ba su damu da shi ba balle su ba shi suna na kirki, ba ya shiga kasuwa. Sai na raɗa masa Sarkin Noma.

Wata rana na ga ya share wani gefen dutse tas. Mace ta zo ta bi wurin da cikinta, ta jera ƙwai ƙanana, ta yi tafiyarta ba waiwaye. Shi ya tsaya a kai yana yi musu fifita da fukafukansa.

"Uban ke reno," in ji Baba Tanko. "Ba ya ko cin abinci sosai sai sun fashe."

"To ɗiyan nan, nan za su gaji gona?"

"Ina! Ranar da suka fashe ruwa ke kwashe su, ya yi faɗin teku da su. Ba wanda ya taɓa ganin sun dawo. Sai dai bayan wani lokaci ka ga wasu ƙanana masu ruwan ɗorawa sun ɓullo daga can, ƴaƴan wani dutsen da ba ka sani ba. Kowa ya sami inda ya sauka ya kama, ya yi duhu, ya tsufa a nan."

Raina ya ɓaci kamar ni aka yi wa. Na ce ashe sarkin nan wawa ne, wahalar banza yake yi. Baba Tanko ya ci gaba da ɗinkin raga.

Ranar Lahadi Kulu ta sauka, aka sami mace, muka riƙa kiranta Ladi. Ƴar ƙarama ce baƙa, da murya kamar ta mutum uku. Da cibiyarta ta bushe ta faɗi, na naɗe ta a ƙyalle, na sa cikin layar Inna, na ɗinke da zaren birgi. Ranar na ji kamar rabin hanyar komawa na riga na ci.

Ba mu da takardun shiga babban jirgi, sai muka bi ta hannun wani mai jirgin yawo da iska, irin wanda suke kira sambuk. Baba Tanko ya raka mu bakin ruwa, ya cusa mini gwangwanin nan a cikin kaya. Na ce me zan yi da shi a Makka, inda babu ko kududdufi? Ya ce, "Riƙe dai. Ido ba ya nauyi."

Mai jirgin mutum ne mai fara'a, yana ta kiranmu baƙin Allah. Bayan mun sha jijjiga, wata safiya da tururi ya rufe ruwa ya tsaya, ya nuna wani farin tudu ya ce ga ƙasar Hijaz, Jidda tana bayan tudun, shi ba ya iya matsawa saboda masu tsaro. Muka sauka cikin ruwa da kaya a ka muna kabbara, har wasu suna sumbatar rairayi. Ya sauke mana ganga guda ta ruwa, ya juya. Da rana ta ɗaga tururin ya yaye, muka hau tudun. Ruwa ne gaba, ruwa ne baya. Tsibiri ne wanda za ka zagaye kafin tuwo ya nuna, babu komai a kai sai tsuntsaye da wata ciyawa mai gishiri.

Birgin da Kulu ta so in sayar shi ya ciyar da mu, domin akwai fili na rairayi a gefe guda inda kifi ke taruwa. Yunwa ba ta kashe kowa ba. Ƙishirwa ce ta zauna a tsakiyarmu. Gangar tana raguwa, aka koma jiƙa harshe. Wani dattijo Bazabarme ya kwanta bai tashi ba, muka haƙa rairayi muka rufe shi. Nonon Kulu ya fara ƙafewa, kukan Ladi ya koma kamar na ɗan kyanwa, daga baya ma ta daina.

Kulu ta kira ni ƙarƙashin zanen da muka kafa don inuwa. Ta ce, "Malam, ka kwance layar ga ka binne nan."

"Nan ina?"

"Nan inda muke. In ɗiyar ga za ta tahi, ta tahi tana da ƙasa. Kada ta mutu cibiyarta na rataye ga wuyan mutum."

"Wanga ba ƙasa ta ba, rairai na da kashin tsuntsu. Na yi ma Inna alkawari."

"Inna na can bakin gulbi tana shan ruwa," ta ce. Ta juya mini baya.

Na ɗauki gwangwanina na shiga ruwa, don sanyi, kuma don ba na iya kallon su. A can ma Sarkin Noma yana nan da gonakinsa, sai ka ce shi ya riga mu hijira. Na sami wani yana kan ƙwai. Abokan wahala sun ce in riƙa kamo irinsa tunda ba ya gudu, shi ke kawo kansa hannu. Na ƙi, domin a gidanmu ba a kama kifin nan gargaza in tana kan gurbi, kuma ban ga dalilin da gishiri zai canja wannan ba. Na riƙa zuwa wurinsa kullum, zazzaɓi yana kaɗa ni, ina kwance a kan ruwa kamar gora. Ƙwan suka yi duhu, sannan kowane ya fito da idanu biyu masu ƙyalli kamar azurfa. Yana fifita su, yana tsince wanda ya lalace, ya rame har ƙashin kansa ya fito. Wani lokaci sai in ga tsamiyarmu ta tsiro a tsakiyar duwatsun, kifaye suna ratsa rassanta, Inna tana zaune a gindi tana kaɗi, zarenta yana tashi sama a hankali. In na yi mata magana, sai kumfa ta fito.

Wata magariba, rana ta faɗa ruwa ya zama ja, sai na ga ya tsananta fifita. Har yau ban san ko idona ne ya gani ko zazzaɓi ne ya nuna mini ba. Dutsen ya fara hayaƙi. Ƴan mitsi-mitsin abubuwa garau, babu komai a jikinsu sai ido, suka riƙa tashi suna yin sama, suka wuce ta gefen fuskata, igiyar ruwa ta karɓe su ta yi waje da su inda shuɗin ya koma baƙi. Bai bi ko ɗaya ba. Ya tsaya a kan dutsen da babu komai yana ta fifita, kamar bai san an gama ba. Na yi kuka a cikin gwangwani har gilashin ya dushe. Na ce masa, "Bi su mana, wawa! Bi su!" Da safe na dawo na tarar yana cizgar ciyawa a gonarsa.

A ranar ne wasu masunta Larabawa uku suka zo ɗiban ƙwan tsuntsu a ƙaramin jirgi. Da suka gan mu babbansu ya dafe kai. Kafin ya ce komai ya kwance salkarsa, ya nufi Kulu, ya riƙa ɗiga mata ruwa a baki da kaɗan-kaɗan yana hana ta kwankwaɗa. Suka yi ta jigila har suka tsallakar da mu duka, ba su karɓi ko allura ba. A ƙauyensu wata mai jego ta ɗauki Ladi ta sa a nono. Da na ji muryar nan ta mutum uku ta dawo, sai na yi hamdala. Na shafa layar a ƙirjina na ce a raina, kin gani ko, da na binne fa? Kulu ta ga hannuna, ta kau da kai.

Daga nan muka bi gaɓa da ƙafa, muka ɗaura harami, muka shiga Makka ta tsakanin baƙaƙen duwatsu. Da na ga Ɗakin Allah duk addu'o'in da na tara tun daga Kabi suka watse, na tsaya ina ta cewa na gode, na gode, da Hausa. Kulu ta ɗaga Ladi sama da hannu biyu don ta gani.

Muka sauke farali, muka ce bari mu ɗan yi ƙarfi kafin mu juya. Muka sami rumfa a unguwar Jarwal cikin ƴan'uwanmu baƙar fata da ake kira Takari, bangonta gwangwanayen da aka baje, rufinta buhu. Na zama mai ɗiban ruwa, sagga in ji mutanen garin. In cika gwangwani biyu a bazan, wato matattarar ruwan unguwa, in rataya a sanda, in hau benaye. Masunci ya koma ɗaukar ruwan da babu ko ɗan tsako na kifi a ciki. Kulu tana soya gyaɗa tana sayarwa a bakin lungu. Aka ce Turawa suna yaƙi, hanyar teku ta rufe, muka jira. Da ta buɗe Kulu ba ta da lafiya, muka jira. Duk shekara ina cewa baɗi, ban kuma taɓa jin muryar mutanen Madani a bakina ba.

Ladi ta tashi da Larabci a harshe, Hausarta tana ɗingishi. Takan ɗauki gwangwanin Baba Tanko ta kifa a fuska ta kalli tururuwa. Nakan ba ta labarin gulbi, da tsamiya, da yadda ruwa ke cika har ya shafe gonaki, ta saurara kamar tatsuniya. Wata shekara alhazan ƙasarmu suka kawo labarin Inna ta rasu. Bayan na share hawaye Kulu ta ce, "To, yanzu wa za ka kai mawa?" Na ce tsamiya tana nan. Ba a daɗe ba ita ma Kulu zazzaɓin bayan aikin haji ya ɗauke ta. Muka kai ta Ma'ala, maƙabartar Makka, muka dawo. Na ji kewarta fiye da yadda na taɓa nuna mata tana da rai, har da shirun nan nata.

Ladi ta auri wani tela, Usman, Bahaushe haifaffen Makka, suka kama ɗaki na dutse mai ɗan tsakar gida a nan Jarwal. Ta jera gwangwanaye ta shuka rihan mai ƙamshi da lalo da barkono, a garin da ko ciyawa sai an roƙe ta. Awakin Makka kuwa har takarda suke ci. Duk unguwa an san muryar Ladi in tana korarsu. Ƴar ƙaramar mace, amma na ga ta kori raƙumin wani Badawi da muciya.

Ta haifi ɗa namiji a shekarar da wani ɗan ƙauyenmu, Alhaji Bawa, ya zo haji. Ya ce duniya ta canja, yanzu mota ce da jirgi, tafiyar da ta ci mana ƙuruciya ba ta wuce ƴan makonni. Ya ce zai tafi da ni. Na je wurin Ladi da murna, na ce ta shirya, ita da mijinta da jariri, ko na shekara guda ne, a binne abin nan a gaban idonta.

"Esh kake cewa, ya Baba? In je ina?"

"Gida."

Ta dubi ɗakinta, ta dubi gwangwanayenta. "Wannan fa mene ne?"

"Wanga zango na. Cibiyarki..."

"Cibiyata tana wuyanka. Tun ina yarinya nake ganinta tana lilo kana hawa bene da ruwa. A waje yara su ce mini Takruniya, ƴar Takari, in yi dambe in ce ni ƴar Makka ce. In shigo gida kai kuma ka ce mu baƙi ne, hanya muke jira. Halas, Baba. Wallahi na gaji da zama a rataye."

Na fita ban yi sallama ba. Na ce to, in ba ta zuwa, cibiyar za ta je. Na ɗaure birgi da gwangwani, na bi Alhaji Bawa zuwa Jidda.

Jirgi bai zo da wuri ba. Zaman jira ya ishe ni, wata safiya na bi gaɓa na yi kudu har na bar hayaniyar gari, na naɗe wando na shiga. Gilashin ya tsage a gefe amma yana nunawa. Garin nan na ƙarƙashin ruwa yana nan yadda na bar shi, hasken yana rawarsa, babu abin da ya tsufa sai ni. Ga Sarakunan Noma kowa a gonarsa. Na daɗe ina yawo a kansu, har na zo gefen unguwarsu, wurin wani guntun mataccen dutse da ba wanda ya kula da shi. A kai na ga wani ɗan abu mai ruwan ɗorawa, bai fi farcen babban yatsana ba. Filin da ya kama bai kai bakin ludayi ba, gansakukar ma ba ta gama fitowa ba. Na miƙa yatsa a hankali. Ya miƙar da ƴan ƙayoyinsa, ya taso, ya sare ni.

"Kai ɗan wa?" na ce masa. "Daga wane dutse?"

Ya sake sarata. Na yi dariya har ruwan gishiri ya shiga hancina, dariyar ta juye ta zama wani abu, na tsaya a cikin teku tsofai-tsofai da ni ina share fuska. Can wani wuri akwai uban da ya rame a kansa, ya yi fifita har dutse ya zama wayam. Ga inda wahalar tasa ta sauka, kuma ba ta banza ba ce.

Na ba Alhaji Bawa birgina na ce ya rataye shi a tsamiya, ya gaya wa kabarin Inna iyakar abin da ya dawo ke nan, ta yafe mini. Na hau motar Makka.

Na iske Ladi da la'asar tana ba shukokinta ruwa. Ta gan ni, ta ga layar a hannuna maimakon wuya. Na yanke zaren. Abin da ke cikin ƙyallen bai fi ƙwayar dabino ba, ya bushe ya yi baƙi. Ta kai ni kusurwar tsakar gida, ta ɗaga wani gwangwanin rihan.

"Ta yaron tana nan," ta ce. "Ni na binne da kaina. Amma ban san abin da ake faɗi ba."

Ta haƙa rami a gefen da wuƙar girki, ƙasar tana da tauri. Na durƙusa na sa.

"Can gida kaka ka binnewa," na ce. "Sai ta yi bisimilla, ta ce, ga naku nan ya zo, ku riƙe shi."

"Su wa ake gaya wa?"

"Namu da ke kwance cikin ƙasar."

Ina faɗa sai na tuna namu suna can bakin gulbi, wata duniya. Ladi ta ɗaga kai ta dubi wajen Ma'ala, inda rana ke haska kan duwatsu.

"Ai Umma tana nan," ta ce. "Faɗi, Baba."

Na faɗa. Ta mai da ƙasa, ta danna da tafin hannu, ta zuba sauran ruwan butarta a kai. Sannan ta zabura ta ɗauki muciya, domin akuyar maƙwabta ta riga ta sa kai a ƙofa.